Sarƙa ko Sabo: Tarihin Karnukan Gadi da Zamansu Cikin Iyali

Fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani attajirin manomi kuma ɗan siyasa na birnin Rum mai suna Kato ya rubuta littafi kan yadda ake tafiyar da gona, ya ba da shawara a cikinsa cewa a riƙa kulle karnuka da rana domin su fi zafi da sa ido idan dare ya yi. Bayan kamar shekara ɗari biyu, wani marubucin noma na daular Rum, Kolumela, ya dubi lamarin ta wata fuska. Shi abin da ya dame shi halin karen ne: kada ya cika sanyi har ya riƙa kaɗa wa ɓarawo wutsiya, kada kuma ya cika zafi har ya faɗa wa mutanen gidan da aka ajiye shi domin su. Waɗannan ra'ayoyi biyu ba su mutu ba. Duk wanda ya san unguwannin masu hali a Abuja ko Kaduna ko Yamai ya san kejin ƙarfen nan da ke bayan gida, inda ƙaton kare ke wuni cikin zafi ba ya ganin kowa, sai sha ɗayan dare a buɗe shi. Wannan makarantar Kato ce, ko da maigidan bai taɓa jin sunansa ba. Abin da tarihin manyan karnukan gadi ya nuna kuwa shi ne Kolumela ya fi gaskiya. Kare yana tsare abin da ya saba da shi ne, kuma jinsunan da suka yi suna a duniya sun yi shi ne saboda an zaɓe su a kan natsuwa da jin magana, a hannun mutanen da ke wuni tare da su.

Mafi tsufan aikin gadi da kare ya yi wa ɗan Adam shi ne tsaron garke, kuma yadda makiyaya ke samar da irin wannan kare ya isa hujja shi kaɗai. Daga tsaunukan Turkiyya zuwa na Kokeshas da na Firinis da ke tsakanin Faransa da Sifen, dabarar ɗaya ce: ana ajiye kwikwiyo cikin tumaki tun yana ɗan makonni, ya tashi yana jin warinsu, yana kwana a tsakiyarsu, har ya ɗauke su danginsa. Idan ya girma, ba wanda ke koya masa ƙin kyarkeci. Shiga tsakaninsa da garken yake yi domin garken nasa ne. Akasarin aikin ma da haushi da tsayuwa ake yinsa, ba da haƙori ba, domin makiyayi ba ya son karensa ya bi kyarkeci daji ya bar tumaki a sake. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka yi shekara da shekaru a jihar Maine ta Amurka, wanda suka wallafa a 1965, ya bayyana dalilin: tsakanin mako 3 zuwa 12 na rayuwar kwikwiyo ne yake tantance wane ne nasa, wane ne baƙo. An gwada dabarar a Namibiya tun daga 1994, lokacin da wata ƙungiyar kare namun daji da Laurie Marker ta kafa ta fara raba wa manoma kwiyakwiyan Turkiyya domin su tashi cikin awaki, asarar dabbobi ta ragu ƙwarai. Mu ma muna da namu a kusa. Dogon siririn karen nan na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda aka kai Turai a shekarun 1970, a wurin Abzinawa mai gadin zango ne tun kafin ya zama abin ado a ƙasashen waje. Ba ya sake wa baƙo fuska, amma cikin yara da awaki da tantuna yake tashi, ba a ɗaure ba.

A Turai, jinsunan da muka fi sani a yau daga sana'o'in gari suka fito. Rottweil wani tsohon gari ne a bakin kogin Neckar a kudu maso yammacin Jamus, wanda ya shahara da kasuwar shanu. Mahautan garin na fita ƙauyuka sayen dabbobi, su koro su zuwa kasuwa da taimakon wani kakkauran kare baƙi mai ratsin ja, wato Rottweiler, wanda kuma ke jan amalanken nama zuwa gidajen masu saye. Ana ma cewa mahauci kan ɗaura jakar kuɗinsa a wuyan karen idan zai bi hanyar da ba ya amince da ita. A duba irin halin da wannan sana'a ke bukata: ƙarfin tsayawa gaban bijimi, haƙurin ratsa kasuwa cike da mata da yara ba tare da taɓa kowa ba, da jure wa ƙanshin naman da yake ja bai ci ba. Mahauci ba zai ciyar da karen da ke korar masa masu saye ba. Da jirgin ƙasa ya zo a tsakiyar ƙarni na 19 ya ɗauke jigilar shanu, sana'ar ta faɗi, karen ya kusa ƙarewa, har a wani bajekolin karnuka da aka yi a Heilbronn a 1882 ɗaya tak aka kawo, shi ma ba na kirki ba. Abin da ya cece shi sabon aiki ne. An kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1907, a 1910 kuma aka amince da shi a matsayin karen 'yan sanda.

Dobermann ne kaɗai cikin manyan nan da aka ƙirƙira musamman domin tsoratarwa. Karl Friedrich Louis Dobermann mai karɓar haraji ne a garin Apolda, yana kuma kula da wurin tsare karnukan da suka ɓata, sai ya riƙa haɗa waɗanda suka fi zafi domin ya samu abokin tafiya a aikin da ba a maraba da mai yinsa. Ya mutu a 1894. Waɗanda suka gaje shi, irin su Otto Göller da ya kafa ƙungiyar jinsin a 1899, da masu kiwo na baya, musamman a Amurka, sun shafe tsararraki suna rage wannan zafi. Wato ko a inda aka fara da zafi, masu sana'ar da kansu suka ga bai da kasuwa sai an gauraya shi da hankali.

Inda hujjar ta fi fitowa fili shi ne tarihin karen makiyayan Jamus, wanda a nan aka fi sani da Alsatian ko karen 'yan sanda. A watan Afrilu na 1899, wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya ga wani kare a bajekoli a Karlsruhe, ya saye shi, ya sa masa suna Horand von Grafrath, ya rubuta shi a matsayin na farko a kundin ƙungiyar da ya kafa ranar 22 ga watan. Von Stephanitz mutum ne mai kaifin ra'ayi, kuma ra'ayinsa shi ne darajar kare tana aikinsa, kyan gani na biye. Ya lura cewa kiwon tumaki na ja da baya a Jamus mai cika da masana'antu, don haka ya shiga neman wa karensa aiki wurin 'yan sanda da soja. Amma ta yaya za a san karen da ya cancanci ya haihu? Amsar ita ce jarrabawar da aka fara a 1901, wadda har yau ake yin irinta, mai sassa uku: bin sawu, biyayya, da kariya. Sashen kariyar ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa na ganin hotonsa su fahimce shi a baibai. Wani mutum sanye da hannun riga mai kauri yana ɓuya. Karen ya nemo shi, ya tsaya gabansa yana haushi, kuma muddin mutumin bai motsa ba, bai halatta ya taɓa shi ba. Sai ya kawo hari ko ya zura da gudu ne karen zai kama hannun rigar. Da zarar mai shi ya ba da umarni, dole ya saki, ko da jininsa na tafasa. Karen da ya ƙi saki ya faɗi. Wanda ya firgita da ƙarar bindiga ya faɗi. Wanda ya nuna tsoro ko ya kai wa alƙalin jarrabawar cizo ba dalili, tun a ƙofa ake sallamarsa. A 1922 ƙungiyar ta ƙara tantancewa ta musamman ga waɗanda za a yi kiwo da su. Cizo kowane kare ya iya shi. Abin da ake nema, kuma ake gadar wa 'ya'ya, shi ne iya dainawa.

Wannan hali ne ya buɗe wa karen ƙofar gidajen mutane. A yaƙin duniya na farko ya kai saƙo tsakanin ramukan soja, ya nemo waɗanda suka ji rauni. A 1916 aka buɗe makarantar horar da karnukan ja-gora a Oldenburg domin sojojin da yaƙi ya makantar, kuma a 1928 wani makaho Ba'amurke, Morris Frank, ya koma gida daga Suwizalan da wata karya ta wannan jinsi mai suna Buddy tana ratsa masa titi. Jinsin da ke kamo ɓarawo shi ne ke jan makaho, kuma babu saɓani a ciki, domin natsuwa ɗaya ce ke yin aikin biyu. Sai dai farin jini ya zo da nasa ciwon. Wani kwikwiyo da sojan Amurka Lee Duncan ya tsinta a Faransa a 1918 ya zama tauraron fim da sunan Rin Tin Tin, kowa ya so irinsa, 'yan neman kuɗi suka shiga haɗa kowane namiji da kowace mace ba tare da wata jarrabawa ba. Aka cika kasuwa da karnuka masu tsoro, kuma kare matsoraci mai ƙarfi shi ne mafi haɗari, domin tsoronsa ne ke sa shi cizo. Sunan jinsin ya ɓaci har Ostareliya ta hana shigo da shi daga 1929 zuwa farkon shekarun 1970. Abin da ya faru da shi ya sake faruwa da Dobermann, sannan da Rottweiler a shekarun 1980 da 1990: duk jinsin da ya zama abin yayi wurin masu son a ji tsoronsu, ba a daɗewa sai an fara jin labarinsa a asibiti.

Nan ne mai suka zai tsaya, kuma sukarsa tana da nauyi. Zai ce duk wannan tarihi ba ya dawo da yaron da kare ya kashe. Wani bincike da masana na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka jagoranta, wanda ya duba mace-macen da cizon kare ya jawo daga 1979 zuwa 1998, ya gano cewa cikin mutum 238 da aka san jinsin karen da ya kashe su, fiye da rabi Rottweiler ne ko nau'in pit bull ke da hannu. Ba daidai ba ne a kauce wa wannan. Jinsi yana da tasiri, domin ba a banza aka shafe ƙarni ana zaɓe ba, kuma kuskuren kare mai nauyin kilo 50 ba ɗaya yake da na ɗan ƙaramin kare ba. Masu cewa duk karnuka ɗaya ne, tarbiyya ce kawai, suna yaudarar mutane. Amma idan aka tambayi yanayin da waɗannan karnuka ke ciki kafin su yi kisan, sai hoton ya sauya. Binciken da Gary Patronek da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya bi diddigin mutuwar mutum 256 tsakanin 2000 da 2009. A kusan kashi 76 cikin ɗari, karnukan irin waɗanda aka ware ne, suna zaune a harabar gida amma ba sa mu'amala ta yau da kullum da mutanen gidan. A kusan kashi 87 cikin ɗari babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai shiga tsakani. Tun kafin nan, wani bincike a birnin Denver a 1994 ya nuna cewa ɗaure kare a sarƙa na tafiya tare da ƙarin yiwuwar cizo kusan ninki uku, duk da cewa shi ma ya sami karen makiyayan Jamus cikin waɗanda suka fi yawan cizon. Ma'anar duka biyun a haɗe ita ce jinsi ke ba da ƙarfin, zaman kaɗaici ke juya shi kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma ko kare ya fi kowane natsuwa, ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da shi.

Gwamnatoci sun gwada hanyar haramta jinsi, sakamakon bai gamsar ba. Birtaniya ta yi dokar karnuka masu haɗari a 1991, ta hana nau'i huɗu, amma bayan shekara fiye da talatin sai da ta ƙara wani sabon nau'i da masu kiwo suka ƙirƙiro a gefen dokar. Holan ta haramta pit bull a 1993, a 2008 ta sanar da janye haramcin saboda cizon bai ragu ba. Jihar Lower Saxony ta Jamus ta bi wata hanya: tun daga 2013, duk mai son ajiye kare karon farko, kowane iri ne, sai ya ci jarrabawa ta rubutu da ta aiki tare da karensa. A ganina wannan ya fi kusa da tushen matsalar, domin mutumin da ke son kare mai ban tsoro, idan aka hana shi wannan jinsi, wani zai nema ya lalata.

Akwai wata suka da ta fi wannan ɗaci, musamman ga ɗan Afirka. Karen makiyayan Jamus ne ya yi gadin sansanonin 'yan Nazi. Shi aka sakar wa baƙaƙen fata masu zanga-zangar neman 'yanci a Birmingham ta jihar Alabama a watan Mayu na 1963, cikinsu har da 'yan makaranta, kuma 'yan sandan mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu sun yi amfani da karnuka a kan jama'a shekara da shekaru. Wanda ya ƙi wannan kare saboda haka yana da dalilinsa, ba za a ce masa ya manta ba. Sai dai abin da waɗannan hotuna ke nunawa biyayya ce da aka ɗora a hannun azzalumi. Karen da ke iya dainawa idan an ce ya daina, zai kuma kama idan an ce ya kama, kuma bai san adalci ba. Wannan ba ya wanke tarihin, amma yana mayar da alhakin inda ya dace, yana kuma tunatar da cewa mallakar irin wannan dabba iko ne a kan jikin wasu mutane, maƙwabta da baƙi da almajirin da ya shigo bara.

Ga mai karatu Musulmi, tambayar da ke gaba ita ce ko ya halatta ma a ajiye shi. Hadisai ingantattu sun nuna cewa ladan mutum na raguwa kullum idan ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta bi wannan iyaka. Amma masu sharhinta, kamar Nafrawi, sun kawo labarin cewa shi kansa mai littafin, wanda ya rasu a 996, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da abin da ya fi kare ma ya ajiye. Malamai da dama sun yi kiyasin gadin gida a kan gadin garke idan bukata ta tabbata, kuma a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Hukuncin kowane gida na malamai ne. Abin lura a nan shi ne zaman kare cikin iyali ba ya nufin kwana a gado ko lasar kwano, kamar yadda ake gani a finafinan Turawa. Karen mafarauci a ƙauyen Hausa da karen ruga ba sa shiga ɗaki, amma sun san kowa a gidan da sunansa da warinsa, ana kiransu su zo, ana tsawata musu su bari. Iyakar abin da tarihin ke nema ke nan. Addinin da ya taƙaita ajiye kare kuma shi ne ya yi gargaɗi mai tsanani kan tsare dabba a bar ta cikin yunwa da ƙishirwa.

Abin damuwa shi ne yadda tabarbarewar tsaro ta buɗe kasuwar manyan karnuka a biranenmu ba tare da ilimin da ya haife su ya biyo su ba. Ana sayen Rottweiler, da Boerboel na manoman Afirka ta Kudu, har da karen Kokeshas mai gashin da aka yi domin ƙanƙara, a sa shi a kejin kwano a watan Afrilu. Mai sayarwa na tallar zafin uban, ba wanda ke tambayar natsuwar uwar. Makonnin nan na farko da kwikwiyo ke tantance nasa suna wucewa a bayan waya, wasu ma da gangan suke hana shi ganin mutane wai don ya yi zafi, sai a wayi gari maigadi kaɗai ke iya kusantarsa, yaran gidan baƙi ne a wurinsa. Ga kuma haɗarin da ya fi haƙorin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duk kamuwar daga cizon kare take. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Maganin sananne ne: idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri rigakafi, yaɗuwar na katsewa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin wannan allura. Amma allura sai an riƙe kare ake yinta, kuma karen da ya girma a keji, wanda ko mai shi ba ya iya sa masa hannu a wuya, shi ne wanda likitan dabbobi ke komawa bai yi masa ba.